Bikin Marubuta Ya Zo Gari: Yadda Ake Halarta, da Yadda Ake Kama wa Ɗan Gida

A watan Yulin 2017 aka buɗe bikin littattafai da fasahohi na Kaduna, wanda aka fi sani da KABAFEST, a harabar Gusau Institute. Gidauniyar Book Buzz ta Lola Shoneyin, wadda ta riga ta yi suna da bikin Ake da ta fara a Abeokuta a 2013, ita ta shirya shi da haɗin gwiwar gwamnatin jihar. Marubuciyar Sudan Leila Aboulela na cikin manyan baƙi, aka kuma karrama Zaynab Alkali saboda daɗewar da ta yi tana hidimar alƙalami. Bayan shekara huɗu, a Oktoban 2021, a Kadunan dai, Sada Malumfashi da ƙungiyarsa ta Open Arts suka kafa HIBAF, bikin da ya sa Hausa da marubutanta a sahun gaba. A Minna da Sakkwato da Kano ma matasa sun ɗaura ɗamara sun yi nasu. Taron marubuta dai ya daina zama abin da sai an je Legas ake gani.

Sai dai duk wanda ya saba zuwa irin waɗannan taruka ya san yadda ranar ƙarshe take ƙarewa. An cika zaure, an tafa, an ɗauki hotuna, baƙon da ya zo daga nesa an raka shi mota da girma. Shi kuwa marubucin garin, wanda gidansu bai wuce tafiyar A Daidaita Sahu ɗaya ba, yana gefe yana mayar da littattafansa cikin katan ɗin da ya kawo su, kusan yadda ya kawo su. Ba ƙiyayya ke jawo haka ba. Yawancin mahalarta ba su san inda zuwansu zai yi amfani ba, kuma halartar biki irin wannan tana da hanyarta.

Kafin a kai ga hanyar, ya kamata a san halin da mai katan ɗin nan yake ciki. Marubutan farko suna da hukuma a bayansu. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ganɗoki na Bello Kagara, hukuma ta buga, ta kai makarantu. Kamfanin NNPC na Zariya, da aka kafa a 1966, ya ɗora daga nan, kuma ta hanyar gasarsa ne So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid ya fito a 1980. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, sai marubuta suka koma buga wa kansu, abin da aka yi wa laƙabi da adabin kasuwar Kano. Ado Ahmad Gidan Dabino da kansa ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, kuma 'yan ƙungiyarsu ta Raina Kama sukan jera sunayen littattafan juna a shafukan littattafansu, kowa yana tallata ɗan'uwansa. Har gobe a kan wannan tsari ake. Marubuci ne zai biya mai buga rubutu a kwamfuta, ya biya mai zanen bango, ya sayi takarda, wadda akasarinta daga waje ake shigo da ita kuma farashinta na bin dala, ya biya maɗaba'a. In yana son lambar ISBN sai ya nema a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, inda doka ta ce ya ajiye kwafi uku. Bayan duk wannan ya kai wa mai shago bashi, sai an sayar a cire kason shago a ba shi saura, in an ga dama. Teburin biki na cikin wurare ƙalilan da kuɗi ke fita daga hannun mai karatu ya shiga hannun marubuci kai tsaye, a take.

To, shiri yana farawa ne da jadawali. Masu shirya biki kan saki jerin zama da sunayen baƙi kwanaki kafin ranar, a shafukansu na Facebook da sauran kafafe, a rediyo, wani lokaci a allon sanarwa na sassan harsuna a jami'o'i da kwalejojin ilimi. Mai niyyar zuwa sai ya duba abu biyu. Na farko, ko ana bukatar rajista, musamman ga bitar koyon rubutu, domin kujerunta ƙididdigaggu ne, kuma sau da yawa sai an tura samfurin rubutu tun da wuri kafin a zaɓi mutum. Na biyu, ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya ya ware 'yan gari. Ba su da wuyar ganewa: su ne waɗanda hotonsu ya fi ƙanƙanta a fosta.

Daga cikinsu ya zaɓi mutum ɗaya ya nemi littafinsa ya karanta kafin ranar. Ɗaya tak ya isa. Wanda ya shiga zaure da littafi ɗaya a kansa ya fi wanda ya shiga da sunaye ashirin a baki amfani ga taron, kuma shi ma ya fi jin daɗinsa.

Batun guzuri gajere ne. A ware kuɗin littafi daban da na mota da na abinci, don in aka haɗa su, abinci ne zai cinye. A riƙe tsabar kuɗi da canji, saboda a zauren da ya cika da wayoyi transfa takan maƙale, kuma ba kowane marubuci ne ke yawo da na'urar POS ba. Ciniki da yawa ya mutu a kan “bari in je in dawo”. A ɗauki jaka da biro.

Ranar farko ta buɗe taro ce, kuma a nan ne sabon zuwa ke yin kuskure. Yakan zo da sassafe ya zauna jiran manyan baƙi, ya sha jawabin shugaban taro da na uban taro da na wakilin wanda bai samu zuwa ba, sa'an nan da manyan suka tashi da jama'arsu, shi ma ya bi ayari, yana zaton an gama. Alhali a lokacin ne ake farawa. Tattaunawa da marubuta, karatun littafi, muhawara, bajekolin zane da hotuna, duk bayan tafiyar manya suke zuwa. Kuma in aka lura, zaman da ake ba 'yan gida sau da yawa yakan faɗo ne a lokacin da ba kowa ke so ba: bayan Azahar da cin abinci, lokacin da ido ke nauyi, ko safiyar ranar ƙarshe. Masu shirya taro mutane ne masu lissafi. In suka ga zaman ɗan gari kujeru ne kawai ke sauraro, baɗi za su rage masa lokaci ko su cire shi, su ce ba ya jan jama'a. Don haka zama a wannan zaure, da sa hannu a takardar mahalarta in an zagayo da ita, tallafi ne da ba a kashe masa ko kwabo. Wanda ya zo da abokai biyu ya ninka shi.

Sai lokacin tambayoyi, inda ake gane wanda ya karanta. Akwai mutumin da kowane taro ke da irinsa: zai karɓi makirufo ya ce shi ba tambaya gare shi ba, ɗan tsokaci ne, ya gaishe da manya ɗaya bayan ɗaya, ya ba da tarihin gwagwarmayarsa, ya ƙare da shawartar marubuta su riƙa gyara tarbiyya. Minti bakwai sun tafi, marubuci bai ce uffan ba. Tambaya mai kyau gajera ce, kuma daga cikin littafin take fitowa. A ɗauki Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Rabi, matar Alhaji Abdu, an kore ta da 'ya'yanta tara saboda amarya, ta kama sayar da abinci ta tsaya da ƙafarta, sa'an nan da duniya ta juya wa Alhajin baya aka matsa mata ta sake karɓarsa. Wanda ya karanta zai iya miƙewa ya ce, “Hajiya, me ya sa kika bar Rabi ta karɓe shi bayan duk abin da ya yi mata?” Tambaya ke nan da za ta sa marubuciya ta gyara zama, ta sa rabin zauren su so sanin labarin, wasu kuma su nufi tebur da an tashi. Tambayar “daga ina kike samun basira” kuwa an yi ta har ta gaji.

Littafin nan na Balaraba yana da wani darasi ga mai raina na gida. Shekara 22 ya yi yana yawo a hannun masu karatun Hausa kafin kamfanin Blaft na birnin Chennai a Indiya ya buga fassararsa ta Turanci, wadda Aliyu Kamal ya yi, a 2012. Daga nan ne wasu 'yan boko da ke zaune gari ɗaya da marubuciyar suka fara ɗaukar sa da muhimmanci. Littafin bai canza ba, ko wasali ɗaya. Naka sai naka, in ji Hausawa, daɗin zama sai bare, kuma a harkar littafi rabin karin maganar na biyu ya fi yin aiki.

Yanzu a zo teburin littattafai, inda maganar take. Dabara ta farko ita ce a fara da ɗan gida kafin aljihu ya yi sauƙi. Littafin baƙon da ya shahara yana da kamfani a bayansa, ana iya samun sa a shagunan Abuja da Legas ko a yi odarsa wata mai zuwa. Na ɗan gari kuwa mai yiwuwa 'yan ɗaruruwa aka buga, in suka ƙare ko suka lalace a ɗaki shi ke nan. A tambayi farashi a biya. Ba a taya littafi a gaban mai shi kamar ana cinikin tumatir a 'Yankaba, domin ribar da ke kan kwafi ɗaya ba ta kai abin da za a rage ba. In kuɗin bai kai ba, a ce bai kai ba, babu kunya a ciki. Mutum uku ma suna iya haɗawa su sayi ɗaya su riƙa karɓa-karɓa.

Babbar cutar ita ce “ina nawa?” Abokin makaranta zai zo, ɗan unguwa zai zo, suruki zai zo, kowa da murmushi: “Malam, an fitar da littafi ba a ba mu namu ba?” Marubuci kuwa kunya ba za ta bar shi ya ce a biya ba, sai ya sa hannu ya miƙa, a ransa yana lissafin bashin maɗaba'a. Wanda ya fi kusa da marubuci shi ya fi cancanta ya fara zaro kuɗi, a gaban jama'a ma, don na baya su gani su kwaikwaya. Abin mamaki, mutanen da ba sa ƙyashin yi wa mawaƙi liƙi har takardun kuɗi su rufe ƙasa, su ne hannunsu ke nauyi a gaban littafi. Alhali Aminu Ladan Abubakar, Alan Waƙa, da ake rububin yi wa liƙin, da rubuta littattafan labari ya fara kafin waƙa ta fito da shi. Masana'antar fim ta Kano ma marubuta na cikin waɗanda suka aza harsashinta, In Da So Da Ƙauna kansa sai da ya zama fim.

Wajen sa hannu, a faɗi suna a fili, in na kyauta ne a faɗi sunan wanda za a kai wa. Hira mai tsawo a bari sai layi ya ragu. Hoto kuma bayan saye yake zuwa, a riƙe littafin yadda bangonsa zai fito, don hoton ya zama talla. Kada a manta da waɗanda ba su da littafi a tebur: mai zanen da ya baje aikinsa a bango, mai ɗaukar hoto, yarinyar da ta karanta waƙarta da dare muryarta na rawa. Mai zane yana sayar da ƙananan ayyuka, kuma shi ne wanda za a nema ranar da ake bukatar bangon littafi ko fostar makaranta. A karɓi katinsa.

Masu hannu da shuni suna da nasu babin. An saba da tsarin ƙaddamar da littafi, inda babban mai ƙaddamarwa zai miƙe ya sayi kwafi kaɗan a kan kuɗi mai kauri, a yi kabbara, a tafa. Marubuta da yawa sun san sauran labarin: watanni ana zarya a ƙofar ofis, ana cewa Alhaji ya yi tafiya. Alkawarin da ba a cika ba ya fi rashin alkawari ciwo, don an riga an ci bashi a kansa. Wanda ke son taimako na gaskiya ya sayi kwafi masu yawa a kan farashinsu, ya biya a wurin, ya kuma ɗebi littattafan ya kai makarantun unguwarsu. Barin su a hannun marubuci da sunan karamci ba karamci ba ne, domin shi mai karatu yake nema. Wani abin da kuɗi kaɗan ke yi kuma shi ne hayar mota ta kwaso ɗaliban sakandare ɗaya zuwa wurin bikin, tare da malaminsu na Hausa.

Akwai maganar mata, wadda ba a cika yi ba. Kaso mai yawa na marubutan labaran Hausa da masu karanta su mata ne, da yawansu matan aure. Wadda aka gayyata ta yi magana da ƙarfe huɗu tana lissafin girki da ɗauko yara daga Islamiyya. Maigidan da ya kawo ta ya zauna ya saurara, ko 'yar'uwar da ta riƙe mata yara na yini ɗaya, sun yi wa adabi hidimar da ba za a ambata a jawabin godiya ba. Su ma masu shirya taro, in sun tura duk abin daɗi zuwa bayan Isha, sun san wa suka sallama.

Matashin da ke rubutu a ɓoye kuma ya zo da burin a duba masa, sai ya yi hattara da zumuɗi. Ba a tare babban marubuci a bakin ƙofa a ɗora masa rubutun hannu mai shafi ɗari uku. A gaishe shi yadda ya dace, Malam ko Hajiya ko Baba gwargwadon shekaru, a ambaci aikinsa da aka karanta, sa'an nan a nemi izinin turo shafi biyu ko uku. In ya ce to, a tura a cikin makon, kafin ya manta fuskar. In ya yi shiru, kada a bi shi da kira. Kuma ko da wasa kada a ba da kwafin da babu wani. Sau da yawa ma wanda zai fi amfanar matashi ba na kan dandamali ba ne, na kujerar kusa da shi ne, tsaransa da ke fama da irin matsalarsa, wanda za su riƙa musayar rubutu. A irin wannan hira ce ake jin labarin gasa: Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016 domin mata zalla, wadda Aisha Muhammad Sabitu ta fara lashewa da labarinta Sansani, ko ta Gusau Institute, ko ta gajerun labarai da jaridar Aminiya ta shirya.

Bayan an watse, aiki na farko shi ne a karanta abin da aka saya. Na biyu a gaya wa marubucin abin da aka gani. “Allah ya ƙara basira” addu'a ce mai kyau, amma ba ta nuna masa inda labarin ya yi sanyi ba. In akwai kurakuran ƙa'idojin rubutu, an haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ko an bar ƙ da ɗ da ɓ babu lanƙwasa har ma'ana ta juya, a tara su da lambar shafi a ba shi a keɓe, zai gyara a bugu na gaba. Yabo a yi shi a bainar jama'a, da hujja: wane babi, wace tauraruwa, me ya sa. Sharhi mai sakin layi uku da aka aika wa jarida ko shirin adabi na gidan rediyon jiha yana kai littafi inda marubucin ba zai iya kai shi da ƙafarsa ba.

Abin da ba a yi shi ne ɗaukar hoton shafuka a mayar da su PDF a watsa a WhatsApp, ko a karanta littafin ɗungurungum a YouTube ba da izini ba, ana cewa ai tallata shi ake yi. Haka ma ake yi wa marubutan da ke sayar da labarinsu kashi-kashi a waya: mutum ɗaya ya biya, ya kwashe ya raba wa ɗari. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta haramta wannan, har da na intanet. Amma marubucin da bai gama biyan maɗaba'a ba ba zai ɗauki lauya ba, don haka abin ya rage ga wanda aka ce wa “don Allah a turo mana” ya ce a'a, ya ba da lambar da ake saye.

Biki sau ɗaya ne a shekara, wani ma yakan tsallake shekara in masu ɗaukar nauyi sun janye. Abin da ke riƙe marubuta a tsakani shi ne ƙananan zama. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, tana da rassa a jihohi, kuma reshe irin na Kano ya daɗe yana zaman karatu inda marubuci zai karanta aikinsa a yi masa gyara ido da ido. Ƙofa a buɗe take ga wanda ba marubuci ba. Garin da babu reshe mai motsi kuwa, aji ɗaya na makaranta ranar Asabar, da izinin shugabanta, da marubuta biyu da tebur, sun isa a fara.

Wanda ya ga an manta da wani gwani na garinsu a jadawalin bana, kada ya jira sai an fitar da fostar baɗi ya yi ƙorafi, don a lokacin an riga an rufe. Watanni kafin biki ake tsara baƙi. Ya nemi izinin marubucin, ya rubuta wa masu shiryawa takarda gajera mai ɗauke da sunansa da sunayen littattafansa da shekarun da suka fito da irin zaman da zai dace da shi, ya haɗa da kwafi ɗaya na wanda ya fi kyau a ciki, ya kai musu da hannu in ofishinsu na kusa.